Madigadin gaba ya kayar da yaro: a cire shi ne gaba ɗaya ko yaya za a yi?

Wani bawan Allah ne ya yi tambaya, ya ce ɗansa na dawowa daga Islamiyya a kan keke, ba rami ya faɗa ba, ba wanda ya buge shi, kuma ba wani gudu yake na a zo a gani ba, kawai sai tayar gaba ta tsaya cak yaron ya tashi ta saman kan keken ya sauka da fuska, haɓa ta fashe haƙori ɗaya ya guntule. Da aka ɗaga keken sai aka ga madigadin gaba ya naɗe ya cushe a ƙarƙashin fok. Shi ne yake tambaya wai dama madigadi na iya yin wannan aika-aikar shi kaɗai, kuma ya bi sauran kekunan gidan ya ciccire musu ne?

Malam sannu, Allah ya ba yaro lafiya, Allah ya tsare gaba. Eh madigadi yana yin haka, kuma a cikin duk abubuwan da ke jikin keke yana cikin 'yan kaɗan ɗin da za su iya kulle tayar gaba nan take ba tare da ka taɓa birki ba. Gyaran keke sana'ata ce tun ina yaron shago, kuma irin wannan keken da kake bayani, da madigadi a naɗe kamar an sa hannu an ninninke shi, ba baƙon abu ba ne a wajenmu, an sha turo mana shi mai shi na biye da bandeji a haɓa.

Amma kafin maganar ƙarfe bari mu fara da yaron, don shi ne mai muhimmanci. Wanda ya tashi ta kan keke da kai ko fuska yake sauka, ko kuma ya miƙa hannu ya tare ƙasa. In ka ga yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa maimakon ya ragu, ko barci ya yi masa yawa, ko ya kasa tuna yadda abin ya faru, ko yana cewa wuyansa na ciwo ko hannu ya sage, dan Allah kar a tsaya shafa man zafi, a kai shi asibiti yau ɗin nan. Sannan a duba ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, shi ya fi saurin karyewa a irin wannan faɗuwar, da kuma wuyan hannu wajen gindin babban yatsa, akwai wani ɗan ƙashi a wurin da yake karyewa mutane su ɗauka targaɗe ne a yi ta ja ana murzawa, alhali hoto yake buƙata. Haƙorin ma a nuna wa likitan haƙori ko da ba ya ciwo yanzu.

To yanzu ga yadda abin yake faruwa, kuma ina so ka je gaban keke ka tsuguna ka gani da idonka don ya fi zama a kai. Ka ɗaga gaban keken ka juya taya kamar ana tafiya gaba, ka sa ido a bayan tayar wajen da jelar madigadi ta sauko kusa da feda. Za ka ga a wannan wurin taya sama take yi, wato tana tasowa daga ƙasa tana shigewa cikin madigadin tana nufar fok. Duk abin da ta ɗauko daga ƙasa, kara ne, guntun waya ne, tsakuwa ce ta maƙale a tsagin taya, leda ce, gwangwanin da mota ta take ne, ta wannan bakin zai shiga. In ƙarami ne ka ji ƙarrr ya fita ta gaba, shikenan. In kuwa ya fi ƙarfin sararin da ke tsakanin taya da madigadi sai ya cije, taya kuma ba za ta tsaya don shi ba tunda nauyinka da gudunka na tura ta, sai ta ja jelar madigadin ta yi sama da ita. Nan ne fa matsalar take. Madigadin na lanƙwasa yana ƙara matse tayar, yana matse ta tana ƙara kama shi da ƙarfi tana ja, kamar zarge ne, yadda aka ja haka yake ƙara shaƙewa, har ya tattaru gaba ɗaya a ƙarƙashin fok inda ba hanyar wucewa. Daga nan taya ta zama kamar an yi mata walda da fok.

Hanya ta biyu mai kama da wannan ita ce sanda ko kara mai ƙwari ya shiga tsakanin sifok, taya ta ɗauko shi ta zo ta buga shi da sandunan nan da ke riƙe madigadi, ta ture su sama, su kuma su janyo madigadin su kifa shi a kan taya. A ƙauye bayan an yi girbi karan dawa da na masara ko'ina a hanya, wannan ya fi yawa.

Akwai wani abu da ko masu gyara da yawa ba su lura da shi ba. A kekunan zamani sandunan madigadi ba a kan aksul ɗin taya ake ɗaure su ba, wata 'yar huda ce a ƙarshen fok, yawanci a bayan aksul kaɗan. Tunda ba a tsakiyar tayar suke juyawa ba, in aka tura su sama ƙarshensu matsowa yake kusa da taya, ba nesa ba, ka ga kenan ƙirar ma da kanta tana taimaka wa shaƙewar. In fok ɗin na da huda a can sama wajen tsakiyar ƙafarsa, irin wadda ake ɗaura kariyar ɗaukar kaya ta gaba, ɗaure sandunan a can ya fi aminci nesa ba kusa ba, don in abu ya ture su sama madigadin buɗewa yake ya ba taya wuri.

Mutane kan ce ai da yaron ya yi hankali da ya sa ƙafa ya tare. Wallahi ba ya iyawa, ko babba ba ya iyawa, kar a yi masa faɗa a kan wannan. Ka ɗauka yana tafiyar kilomita 20 a awa, wanda ba wani gudu ba ne ga yaro mai jini a jika, a daƙiƙa ɗaya yana cin mita 5 da rabi, tayar babban keke mai inci 28 tana zagayowa wajen sau biyu da rabi a wannan daƙiƙar. Daga jelar madigadi zuwa fok kusan kwatan zagaye ne, kenan daga shigar abu zuwa kullewar taya kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, kafin kunne ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarar mutum yana sama. Birki ko ka danne shi da ƙarfi kana iya saki in ka ji baya ta fara ɗagawa, wannan kuwa ba saki. Kuma ƙarfin da jiki ke tafe da shi a kilomita 20 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita ɗaya da rabi, in gudun ya kai kilomita 30 kamar a gangara ya koma kusan mita 3 da rabi, don gudu in ya ƙaru da rabi ƙarfin bugun ya fi ninki biyu. Shi ya sa na fi tsoron wannan abin a gangara fiye da ko'ina.

Masu ƙera keke sun san da matsalar sarai. A ƙa'idar ingancin keke ta duniya mai lamba ISO 4210, wadda bugunta na 2014 ya maye gurbin ƙa'idojin Turai irin su EN 14764, akwai gwaji na musamman a kan madigadin gaba. Ana cusa rodi mai kaurin milimita 12 tsakanin sifok a ƙarƙashin sandunan madigadin, a juya taya har rodin ya tura sandunan sama da ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo 16, a riƙe minti ɗaya, sannan a cire a ga ko taya na juyawa kuma kan keke na karkata yadda ya kamata. Sai a danna jelar madigadin zuwa kan taya da kusan nauyin kilo 8 a juya tayar a ga ko za ta kama shi. Kamfanin SKS na Jamus kuwa dabara ya yi, ya sa wata 'yar roba da suke kira Secu-Clip a inda sandunan ke haɗuwa da fok, ba noti ne ke riƙe sandar kai tsaye ba, cusa ta ake a cikin robar ta kama, in abu ya cije ya ja da ƙarfi sai sandar ta fizge ta fita, madigadin ya buɗe, ka ji ƙara ka tsaya ka mayar da hannu ka ci gaba da tafiya. In ka sayi keke ɗan gwanjo na Turai ka ga wata baƙar roba a gindin sandunan gaba, ita ce, dan girman Allah kar ka bari a cire ta. Na sha ganin an cire an ɗaure sandar da noti tam wai don ta daina fita, alhali wannan fitar ita ce aikinta, ranar da ta fita ɗin wataƙila haƙoran mai keken ta ceta.

Sai hanya ta uku, wadda ita ba ruwanta da abin da ke kan hanya, sakaci ne zalla: notin sama. Madigadin gaba a wuri uku yake rataye, sanduna dama da hagu, sai wani ɗan kunnen ƙarfe a sama da aka ɗaure da bol ɗaya tak a wuyan fok. In wannan bol ɗin ya kwance ya faɗi, ko kunnen ya tsage saboda girgiza da tsatsa, madigadin sai ya zauna a kan taya, taya ta kwashe shi ta yi gaba da shi yana lilo a kan sandunansa, ko ya cije a fok ko ya zagayo ya shige ƙarƙashin tayar ta hau kansa ta zame. Kar ka ɗauka sai keke mai araha ke yin haka. A 2019 kamfanin Trek na Amurka sai da ya yi kiran a dawo da kekunansa masu batir samfurin Super Commuter+ 8S, masu tsadar gaske, saboda bol ɗin da ke riƙe madigadin gaba, an gano zai iya kwancewa madigadin ya faɗo kan taya ya tsayar da keken. Bol ɗaya. In kamfani irin wannan zai tattaro kekunansa a kan bol ɗaya, to mu da muke hawa hanyar da ba kwalta, keke na rawa tun daga ƙofar gida har kasuwa, ai mu ya fi kamata mu dinga taɓa wannan notin.

Kuma keken ɗanka zai gaya maka wanne ne ya faru in ba a riga an miƙe shi ba. In ka ga kunnen sama na nan daram a ɗaure, amma bayan madigadin ya ninninku sandunan sun lanƙwashe sun kalli sama, abu ne ya shiga ta baya, ka duba ciki sau da yawa za ka tarar da guntun karan ko wayar tana nan. In ka ga hudar wuyan fok fayau ba bol, madigadin ya juyo gaba, noti ne ya kwance. In kunnen ne ya karye ka kalli bakin karayar, in rabi ya yi baƙi ko ja da tsatsa rabi na ƙyalli, to tsagewar ta daɗe tana ci, ranar ce kawai ta ƙarasa. Sannan ka leƙa cikin madigadin, in akwai wani layi da ya goge yana sheƙi ko baƙin roba ya manne, taya ta jima tana gogarsa, yaron ya jima yana jin ƙara bai faɗa ba ko ya faɗa ba a kula ba.

Wannan ƙarar ita nake so iyaye su ɗauka da gaske. Keken da ke kacau-kacau a gaba ba ado ba ne, wani abu ne ya saki.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai a harkar nan, ɗaurin waya. Noti ya faɗi, maimakon a sayi wani wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai a samo wayar ɗaurin rodi ko tsumma ko igiyar leda ko guntun tsohon tib a ɗaure sandar a jikin fok a ce ai ya kama. Wannan ɗaurin ya haɗa sharri biyu: bai riƙe madigadin a wuri ɗaya ba, yana barinsa ya yi ta kaɗawa har ya taɓa taya, kuma ranar da abu ya cije waya ba za ta tsinke ta sake shi ba, ja za ta yi ta ƙara shaƙe tayar, wani lokacin ma bakin wayar da aka murɗe shi ke shiga sifok. A wajena madigadin gaba hali biyu kawai aka yarda ya kasance a ciki, ko dai mai ƙwari ne an ɗaure shi tam da sarari wadatacce ta yadda ƙaramin abu ba zai lanƙwasa shi ba, ko kuma mara nauyi ne da aka yi masa hanyar fizgewa in ya ji ja. Wanda ke tsakiya, mai rawa, mai sanda ɗaya, mai ɗaurin waya, gara babu shi.

Kekunanmu na gargajiya, Rali da Fonis da su Hero da Avon na Indiya masu birkin sanda, madigadinsu ƙarfe ne mai kauri kuma akwai sarari sosai, in sabo ne ko an kula da shi da wuya ƙaramin kara ya naɗe shi, yawanci karan ne ke karyewa. Ciwonsu tsatsa ne. Laka na taruwa a ciki ta riƙe danshi duk damina, ta cinye wajen da aka yi ribit ɗin kunne da wajen da sanduna suka kama jela, daga waje fenti na nan baƙi ƙirin amma in ka danna da babban yatsa ka ji ya lotsa. Kuma a yawancinsu sandunan a kan aksul suke, ƙarƙashin notin taya, kenan duk ranar da aka kwance taya sai an cire su an mayar, in mai mayarwa na sauri sai ya bar ɗaya a karkace ko ya manta washa. Su kuma 'yan gwanjo masu madigadin roba, ranarmu ce ke kashe su, roba ta yi shekaru a sanyin Turai ko Japan ta zo nan ta sha rana sai ta bushe ta yi fari-fari ta dinga tsagewa daga wajen hudar noti. Na alminiyom shi ma daga hudar noti yake fara tsagewa in an ɗaure shi a takure, shi ya sa ake sa masa washar roba ko ta fata, kuma ba a tanƙwara shi da ƙarfi don ya kai huda, sai a gyara tsawon sandar.

Maganar sarari kuwa, ita ƙa'idar da na ambata mafi ƙarancin da ta yarda tsakanin taya da abin da ke kewaye da ita a keken gari milimita 6 ne, amma wannan na titin da ake sharewa ne, ni a hanyoyinmu ba na sallamar keke sai yatsana ya shige tsakanin taya da madigadi tun daga jela har gaba, wato wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuma ka kula da wannan sosai: kar bakin jelar ya fi sauran wurin faɗi. Mutane na buɗe jela su bar wajen fok a matse suna ganin sun kyauta, alhali sun buɗe wa babban abu ƙofa ya shiga ya je ya cije a inda ba ya fita. Gara bakin shiga ya zama daidai da ciki ko ma ya ɗan fi matsewa kaɗan, abin da duk ya samu shiga zai samu fita. Faɗin madigadin kuma ya ɗara na taya da kamar santimita ɗaya. Inda ake yawan faɗawa shi ne wajen canza taya, keke ya zo da siririyar taya mai sulɓi, ta cinye, a je kasuwa a samo mai kauri mai gurzau-gurzau irin ta hawan dutse a cusa ƙarƙashin tsohon madigadin, sarari ya tafi, kuma waɗannan haƙoran tayar su suka fi iya ɗauko tsakuwa da kama bakin madigadi da tsinin bol ɗin da ya leƙo ta ciki. Taya mai manyan haƙora da matsattsen madigadi ba sa zama tare, ɗaya ya haƙura. Bol ɗin da ke cikin madigadi kuma kansa ne ya kamata ya kasance ta ciki, tsinin ya fito waje.

Da damina wanda ke bin hanyar fadama ya san yadda taɓo mai danƙo ke cika madigadi har taya ta ƙi juyawa. Wannan yawanci a hankali yake zuwa, feda ta yi nauyi, sai ka sauka ka sa kara ka ƙwaƙule. Haɗarin shi ne in an bar shi ya bushe a ciki, ya cinye sararin, gobe tsakuwa ƙarama ta isa.

Ga yara musamman akwai ƙafa. A ƙaramin keke ko wanda aka taɓa buga fok ɗinsa ya koma baya, in an karya kwana feda na gaba, tsinin takalmi na iya harbin jelar madigadi ya tura ta kan taya. Ka sa yaron ya hau, ka riƙe masa keken, feda ɗaya ta miƙe gaba, ka karkata kan dama da hagu ka ga ko silifas ɗinsa na taɓawa. Haka bakin wando mai faɗi, jallabiya, hijabi mai tsawo, da jakar allo ko ledar cefane da ake ratayawa a kan keke tana lilo kusa da taya, duk suna iya shiga wurin. Ledar cefane a hannun keke ta kayar da mutane da yawa, a sa a kariya a ɗaure.

To a cire ne gaba ɗaya? Ba sai ka bi duka ka cire ba. Madigadi na da amfani na gaske, yana tare ruwan kwata da ba ka san me ke cikinsa ba daga fesowa a kayan da za ka yi salla da su, yana tare yashi daga ido, yana kuma hana ruwa da ƙasa shiga boris ɗin wuyan keke su wanke giris. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka kama jelar kowanne ka girgiza, ka ɗaga gaban keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi ya dira ka saurara, ka juya taya ka danna jelar da yatsa ka ga ko tana kai wa taya cikin sauƙi. Wanda ya tsage, ko ya ruɓe, ko sanda ɗaya ta ɓata, ko ba sarari, ka cire shi yau, yaro ya hau haka nan har a samo wani, ba abin da zai same shi sai fallatsin ruwa, da rani ma ba wannan. Wanda ke da lafiya a sa masa noti mai 'yar roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza, ko washa mai tsaga, ko a ɗiga maganin kama zare irin Loctite shuɗi, in duk babu a ɗaura noti biyu a matse su da juna. Hudar sanduna yawanci bol mai milimita 5 take ci, ta wuyan fok kuma 6. In madigadin roba ne mara nauyi kuma ba a samu waccan robar mai fizgewa ba, ana iya ɗaure gindin sandunan da siririn kebul tai baƙi, wato robar nan mai haƙora da ake ɗaure wayoyi da ita, wanda zai tsinke in an ja da ƙarfi, amma a dinga canza shi don rana na cinye shi, kuma wannan dabarar ta sanduna ce kawai, kunnen sama bol na ƙarfe za a sa masa, shi ba a so ya saki ko da wasa. Na ƙarfe mai nauyi kuwa kar a yi masa kebul tai sam, a ɗaure shi da noti yadda aka ƙera shi. Tsinin sandunan da ya wuce a yanke a sa musu hular roba, don suna yanka ƙafa.

In za ka cire akwai abu biyu da za ka kiyaye. A kekuna da yawa kunnen madigadin a kan bol ɗin birkin gaba yake, kenan sai ka kwance notin birki kafin ya fita, to ka tabbata an mayar an ɗaure an gwada birkin kafin yaro ya hau. Na biyu, tsofaffin kekunan hawan dutse 'yan gwanjo masu birkin da wata gajeriyar waya ta ratsa saman taya daga dama zuwa hagu, babbar waya na jan ta daga tsakiya, in babbar wayar ta tsinke ko ta zame wannan gajeriyar faɗowa take kan taya, haƙoran taya su kama ta, ta ja birkin ta kulle tayar, faɗuwa iri ɗaya sak. A irin wannan keken madigadin ko ƙarfen da ke riƙe rifilekta na gaba shi ke tare ta, in ka cire madigadin ka bar ƙarfen rifilektan, ko ka sa dogon bol a hudar ya leƙo ƙarƙashin wayar.

Na baya ban damu da shi kamar na gaba ba, in ya cije taya ja take a ƙasa keke ya yi wutsil-wutsil yawanci mutum ya samu ya sa ƙafa, sai dai a tsakiyar titi mai Adaidaita da tifa a bayanka wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Kuma madigadin baya ba ya hana dunduniyar ƙaramin yaron da aka goya shiga sifok, wannan sai an sa masa matakin ƙafa da abin da zai rufe gefen tayar.

Keken da ya yi haɗarin kuma kar a canza madigadi kawai a miƙa wa yaro. Ƙarfin da ya tsayar da taya ta fok ya bi. Ka tsaya a gefe ka kalli keken, saman ƙafafun fok ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan keken, in ka ga sun koma baya taya ta matso kusa da firam to ya lanƙwashe. Ka shafa ƙarƙashin bututun firam ɗin nan da ya gangara zuwa feda, dab da inda ya haɗu da wuya, in ka ji ƙulli ko ka ga fenti ya yamutse ya tsattsage, firam ɗin ma ya taɓu. Ka danne birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya na ƙwas-ƙwas, ka juya kan ka ji ko yana cijewa a wani wuri, ka duba sifok da suka saki da rim ko ya karkace. Fok ɗin da ya lanƙwashe sabo za a saya, na san ana sa bututu a taka a miƙe shi ya yi kyau a ido, amma ƙarfen ya riga ya ji jiki a wuyansa inda ba ka gani, na alminiyom kuwa ko kusa kar a gwada miƙewa, tsagewa yake ta ciki ya zo ya karye ana cikin tafiya. In kuma aka kai faci ko gyara aka kwance tayar gaba, kafin ka biya ka sa mai gyaran ya juya tayar a gabanka, ka sa yatsa ka auna sararin, ka taɓa notin sama da na sanduna biyun da hannunka.